Surar namiji tsirara a fasahar Turai (ƙarni na 15 zuwa na 18)

Surar namiji tsirara ita ce zane, sassaƙa ko mutum-mutumi da ke nuna jikin namiji babu tufafi, ko kuma da ɗan ƙyalle a kan al'aura kawai. A tarihin fasahar Turai, daga wajajen shekarar 1400 zuwa 1800, lokacin da masana ke kira farkon sabon zamani, da wannan sura ake auna gwanintar mai zane. Wanda ya iya fitar da jikin namiji daidai, ƙashi da tsoka da motsi, an ɗauka ya ƙware. Wanda bai iya ba kuwa, ko da ya iya zana tufafi da furanni da gine-gine, ana ganin da sauransa. Al'adar ta farfaɗo ne a Italiya, musamman a birnin Fulorens, ta bazu zuwa Jamus, Holand, Faransa da Sifaniya, daga baya ta zama ginshiƙin karatu a makarantun zane. Duk tsawon wannan lokaci ba ta rabu da jayayya ba, domin yawancin ayyukan an yi su ne don coci-coci da dandalin gari, inda malaman addini da jama'a ke da ta cewa.

Asali

Tushen al'adar yana Girka ta da. Matasan Girkawa kan yi atisaye da gasar wasanni ba tufafi, kuma masu sassaƙa sun riƙa nuna alloli, jarumai da zakarun wasanni a haka. A wajajen shekara ta 440 kafin Miladiyya, Polykleitos ya ƙera mutum-mutumin wani saurayi mai ɗauke da mashi, ya kuma rubuta littafi a kan yadda ya kamata gaɓoɓin jiki su daidaita da juna. Tsayuwar wannan saurayi, nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a sake, ƙugu ya ɗan karkata, ita ce Italiyawa suka sa wa suna kontaraposto daga baya. Yawancin ayyukan tagulla na Girkawa an narkar da su. Abin da ya kai ga zamanin baya shi ne kwafin da Romawa suka yi da dutsen marmara.

Bayan Kiristanci ya kafu a Turai, tsiraici bai ɓace daga zane ba, ma'anarsa ce ta sauya. Ana ganinsa a jikin Adamu da Hauwa'u bayan sun ci 'ya'yan itaciyar da aka hana su, a jikin 'yan wuta, da kuma jikin Yesu a wajen baftisma ko a kan gicciye. Jikkunan sirara ne, a ranƙwashe, masu nuna kunya ko wahala. Jefi-jefi akan sami wanda ya waiwayi salon Romawa, kamar Nicola Pisano, wanda a 1260 ya sa surar wani ƙaƙƙarfan namiji mai kama da Hakulis a jikin mumbarin ɗakin baftisma na birnin Pisa.

Farfaɗowa a Fulorens

A farkon ƙarni na 15 ne abin ya ɗauki sabon salo. Wajajen 1425, Masaccio ya zana korar Adamu da Hauwa'u daga gonar Aidan a bangon ɗakin ibada na Brancacci. Adamu yana tafe ya rufe fuskarsa da hannu biyu, cikinsa ya shige don kuka, kuma jikin yana da nauyi da inuwa irin na mutum na gaske. A wani bangon na wannan ɗaki akwai wani mutum da ya tuɓe yana jiran baftisma, ya rungume hannuwansa yana rawar sanyi. Masu zane na baya sun yi ta zuwa suna kwafarsa.

Donatello ya ƙera Dawuda da tagulla a wajajen 1440, tsayinsa kimanin santimita 158. Galibi ana lissafa shi a matsayin mutum-mutumin tsirara na farko mai tsayuwa da kansa, wanda za a iya zagayawa, tun bayan zamanin Romawa. Hula da takalma kawai ke jikinsa, ƙafarsa a kan kan Goliyat, wato Jaluta. Rashin sulken yana da tushe a labarin kamar yadda Littafi Mai Tsarki na Kirista ya kawo shi: an ba Dawuda kayan yaƙin Sarki Saul, ya cire su, ya fita da majajjawa. Saboda haka tsiraicin yana nuna cewa nasarar daga Allah take. An ajiye aikin a tsakar gidan iyalan Medici, masu faɗa a ji a birnin.

Marubuta ma sun shigo ciki. Leon Battista Alberti, a littafinsa kan zane na 1435, ya shawarci mai zane ya fara da ƙasusuwa, ya ɗora tsoka da jijiyoyi, ya rufe da fata, sannan idan zai sa wa mutum riga ya fara zana shi tsirara tukuna. Wannan ta zama hanyar aiki: hatta waliyyin da zai fito cikin alkyabba a ƙarshe, a takardar gwaji tsirara ake fara zana shi. Antonio del Pollaiuolo ya nuna iyakar wannan ilimi a wani zane da ya karta a farantin jan ƙarfe, wajajen 1470, inda maza goma ke gwabza faɗa da takubba da gatura, kowanne an nuno shi ta wata fuska daban. Da yake ana buga irin wannan zane a takardu da yawa, ya isa hannun masu zane a garuruwa masu nisa, suka mayar da shi abin koyi.

Dalilin fifita jikin namiji

Mai kallo na yau, wanda ya saba jin cewa zanen tsiraici na mata ne, zai yi mamakin yadda jikin namiji ya rinjayi ƙarni na 15 da na 16. Dalili na farko na shago ne. Mai zane yana da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa, su ke niƙa launi su share ɗaki, kuma su ake sa wa su tsaya a zana su. Samun mace ta tuɓe a gaban maza abu ne mai wuya da zubar da mutunci. Shi ya sa sau da yawa ko surar mace daga jikin namiji ake ɗaukarta: takardar gwajin da Michelangelo ya yi don wata annabiya ta Libiya a rufin Sistin, wadda ke gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York yanzu, bayan wani saurayi ne mai faɗin kafaɗa.

Dalili na biyu na aƙidar zamanin ne. Likitanci da falsafar da aka gada daga Aristotle da Galen sun ɗauki jikin namiji cikakke, na mace kuma tauyayye. Cennino Cennini, a littafin koyar da sana'ar zane da ya rubuta wajajen 1400, ya jera ma'aunin gaɓoɓin namiji dalla-dalla, ya ce ba zai kawo na mace ba domin a ganinsa ba ta da daidaitaccen ma'auni. Shahararren zanen Leonardo da Vinci na wajajen 1490, mutum a cikin da'ira da murabba'i, wanda ya gina a kan bayanin maginin Roma Vitruvius, shi ma namiji ne ke wakiltar ɗan Adam gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, labaran da aka fi girmamawa a zane, wato yaƙe-yaƙe, shahadar waliyyai da tatsuniyoyin jarumai, maza ne suka cika su.

Michelangelo

Babu wanda sunansa ya haɗu da wannan fanni kamar Michelangelo Buonarroti (1475 zuwa 1564). Tun yana ɗan shekara 17 ko 18 shugaban gidan ibada na Santo Spirito ya ba shi damar feɗe gawarwaki daga asibitin gidan, shi kuma ya saka masa da gicciyen katako mai ɗauke da Yesu ba ko ƙyalle.

A 1501 hukumar ginin babban cocin Fulorens ta ba shi wani ƙaton dutsen marmara na Carrara wanda wasu masu sassaƙa suka fara taɓawa tun 1464 suka bari, ya yi shekaru yashe a fili. Daga cikinsa ya fitar da Dawuda mai tsayin mita 5.17, ya gama a 1504. Donatello ya nuna Dawuda bayan nasara; na Michelangelo kuwa bai jefa dutsen ba tukuna, majajjawa a kafaɗa, goshi a tamke, jijiyoyin hannun dama a tashe. Kai da hannun sun ɗan fi ƙima girma, kuma ana danganta hakan da cewa da farko an yi niyyar ɗora shi ne can sama a jikin cocin. Ba a nuna shi da kaciya ba duk da cewa Ba'isra'ile ne, domin mai aikin ya bi ƙa'idar sassaƙar Girkawa. Wani kwamiti da ya haɗa da Leonardo da Botticelli ya zauna a kan inda za a kafa shi, a ƙarshe aka kai shi ƙofar fadar gwamnati. A lokacin birnin ya kori iyalan Medici tun 1494 yana mulkin jamhuriya, don haka kowa ya gane saƙon: ƙaramin gari ne da ke shirye ya tunkari manyan maƙiya. An jefe shi da duwatsu da dare a lokacin da ake jan sa zuwa dandalin, kuma ba a daɗe ba aka ɗaura masa ɗamarar ganyayen jan ƙarfe a ƙugu. A 1873 aka shigar da shi gidan tarihi na Accademia. Wanda ke dandalin yau kwafi ne da aka kafa a 1910.

Da gwamnati ta ba shi aikin zana yaƙin Cascina na 1364, bai zaɓi lokacin artabu ba. Ya zaɓi lokacin da sojojin Fulorens ke wanka a kogin Arno aka busa ƙahon gargaɗi, suna fitowa daga ruwa a guje suna laluben tufafi. Zaɓin ya ba shi damar nuna jiki a kowace irin murɗewa. Bai kai ga zana shi a bango ba, babban zanen gwajin ma ya yayyage ya ɓata a hannun masu kwafa, sai kwafin Aristotile da Sangallo ya rage.

A rufin ɗakin ibada na Sistin da ke Batikan, wanda ya zana daga 1508 zuwa 1512, akwai halittar Adamu, wanda ke kishingiɗe yana miƙa yatsa, da kuma samari ashirin tsirara da ke zaune a kusurwoyin hotunan tsakiya. Ba su cikin kowane labari na Littafi Mai Tsarki, kuma har yau masana na jayayya ko mala'iku ne marasa fukafukai, ko alamar kamalar ɗan Adam, ko kuwa ado ne kawai. Ba kowa ya yaba da irin wannan cikar tsoka ba. Leonardo, a rubuce-rubucensa, ya soki masu zanen da ke fito da kowace tsoka a lokaci guda har jiki ya koma kamar buhun da aka cusa wa ƙwallaye, kuma da yawa na ganin da Michelangelo yake.

Kayan tarihi da feɗe gawa

Abu biyu ne suka ciyar da wannan fasaha. Na farko tsofaffin sassaƙe-sassaƙen da ake tonowa a Roma. A watan Janairu na 1506 aka tono Laocoön a wata gonar inabi, wato wani malamin bauta na birnin Taroya da 'ya'yansa biyu macizai sun nannaɗe su. Michelangelo na cikin waɗanda suka fara zuwa gani, Paparoma Julius na II kuma ya saya nan take. Ya haɗa shi da Apollo na Belvedere a farfajiyar fadarsa. A wajajen 1546 aka tono ƙaton Hakulis na Farnese a kangon gidan wanka na Caracalla. Waɗannan uku suka zama kamar haruffan da kowane ɗalibi zai haddace: Apollo don kyan saurayi, Hakulis don ƙarfi, Laocoön don azaba.

Na biyu shi ne ilimin ƙirar jiki. A 1517 Leonardo ya shaida wa wasu baƙi da suka ziyarce shi a Faransa cewa ya feɗe gawa fiye da talatin. A 1543 likita Andreas Vesalius ya buga babban littafinsa kan ginin jikin ɗan Adam a birnin Basel, kuma hotunan da ke ciki, mutane da aka saɓule wa fata suna tsaye a fili kamar masu rai, sun ari tsayuwarsu ne daga sassaƙar da. Likitoci sun amfana da masu zane kamar yadda masu zane suka amfana da likitoci.

Arewacin Turai

A arewa an bi wata hanya daban da farko. Adamun da Jan van Eyck ya zana a allon bagadin cocin Ghent, wanda aka kammala a 1432, mutum ne da aka kalla da ido: gashin ƙafa, jijiyoyi, har da hannuwa da fuskar da rana ta ƙona fiye da sauran jiki. Babu ruwansa da ma'aunin Girkawa.

Albrecht Dürer na Nuremberg shi ne ya haɗa hanyoyin biyu. Adamunsa na 1504, wanda ya karta a jan ƙarfe, tsayuwar Apollo na Belvedere ya ɗauka, an kuma gina shi da ma'auni da kamfas. Ya shafe shekaru yana auna jikin mutane, aka buga littattafansa huɗu kan ma'aunin jiki a 1528, shekarar da ya rasu. Ya kuma bar wani zane da babu irinsa a zamanin: hoton kansa tsirara, ramamme, ba tare da ya ƙawata komai ba, wanda ke birnin Weimar yanzu. Jan Gossaert ya raka ubangidansa Philip na Burgundy zuwa Roma a 1508, ya dawo yana zana allolin Romawa masu girman mutum. A ƙarshen ƙarnin, Hendrick Goltzius da Cornelis van Haarlem sun kai kumburin tsoka maƙura, har ya zama kamar gasa.

Sarakuna, waliyyai da bayi

Tsiraici ɗaya ne a ido, amma abin da yake faɗa ya danganta da wanda aka tuɓe. Ga mai mulki, ɗaukaka ce, domin an daidaita shi da alloli da jaruman da. Agnolo Bronzino ya zana Andrea Doria, babban kwamandan jiragen ruwan Genoa, a siffar Neptune ubangijin teku na Romawa, ƙirji a buɗe. Leone Leoni ya ƙera wa Sarki Charles na V mutum-mutumin tagulla wanda sulkensa ke ciruwa: idan an so a gan shi mayaƙi a bar sulken, idan an so a gan shi gwarzon da a kwance shi. Yana gidan tarihi na Prado a Madrid.

Ga waliyyi kuwa, tsiraici alamar haƙuri da miƙa wuya ce. Wanda aka fi zanawa shi ne Sebastian, sojan Roma da aka ɗaure aka harbe da kibau saboda imaninsa. Jama'a na neman tsari da shi daga annoba, don haka kusan kowane gari na son hotonsa, masu zane kuma suka sami halattacciyar hanyar sa kyakkyawan jikin saurayi a cikin coci. Andrea Mantegna ya zana shi sau uku. Game da Yesu kansa, masanin tarihin fasaha Leo Steinberg ya kawo hujja a 1983 cewa nuna jikinsa a fili da gangan ne, don tabbatar da koyarwar Kirista cewa ya zama cikakken mutum.

Akwai kuma tsiraicin wanda aka ci da yaƙi. A tashar jiragen ruwa ta Livorno, ƙarƙashin mutum-mutumin Ferdinando na I na gidan Medici, wanda ke sanye da cikakkun tufafi, Pietro Tacca ya ƙara bayi huɗu na tagulla a shekarun 1620, hannuwansu ɗaure ta baya da sarƙa. Suna wakiltar fursunonin da jiragen Tuscany suka kamo a yaƙe-yaƙensu da Daular Usmaniyya da mayaƙan ruwa na Arewacin Afirka, ɗaya daga cikinsu baƙar fata ne. A lokacin akwai kurkukun bayi masu tuƙa jirage a garin. Ƙwarewar da aka yi amfani da ita wajen ɗaukaka Dawuda ita ce aka yi amfani da ita a nan wajen nuna ƙasƙanci, kuma wannan ɓangare na tarihin bai sami kulawar marubuta ba sai a 'yan shekarun nan.

Masana sun kuma tattauna batun sha'awa. Fulorens ta kafa wata hukuma ta musamman a 1432 don hukunta luwaɗi, wadda ta yi aiki har 1502, an kai ƙarar Leonardo gabanta a 1476 aka sallame shi, an kuma yanke wa Benvenuto Cellini hukunci kan irin wannan tuhuma a 1557. Michelangelo ya yi wa wani bafaden Roma, Tommaso de' Cavalieri, zane-zane da waƙoƙi daga 1532. Wasu na karanta ayyukan ta wannan fuska, wasu kuma na jaddada falsafar Aflatoniyya ta zamanin, wadda ke ɗaukar kyan jiki a matsayin tsani zuwa ga kyan Mahalicci.

Adawa da ganyen ɓaure

Ƙorafi ya fara tun da wuri. A 1497 mabiyan mai wa'azi Girolamo Savonarola sun tara kayan da suka kira na banza suka ƙona a dandalin Fulorens, kuma Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu zane, ya ruwaito cewa Fra Bartolomeo ya jefa zane-zanensa na tsiraici a wutar. Vasari ya kuma ce daga baya wannan mai zane ya yi wani Sebastian a cocin San Marco, amma limaman suka cire shi bayan mata sun riƙa faɗa a wajen iƙirarin zunubi cewa kallonsa ya jefa su cikin mugun tunani.

Babbar rigimar ta tashi ne a kan hoton Ranar Hukunci da Michelangelo ya zana a bangon bagadin Sistin daga 1536 zuwa 1541. Mutane fiye da 300 ne a ciki, kusan duka tsirara, har da manzanni da shahidai. Ta fuskar aƙida yana da hujja, tunda matattu ne ke tashi. Amma wurin shi ne inda Paparoma ke jagorantar ibada. Vasari ya ce Biagio da Cesena, shugaban tsare-tsaren bukukuwan fadar, ya ce hoton ya fi dacewa da gidan wanka ko mashaya. Michelangelo ya rama ta hanyar sa fuskarsa a kan alƙalin 'yan wuta, da kunnuwan jaki, maciji ya naɗe shi. A 1545 marubuci Pietro Aretino, wanda shi kansa ya yi suna da rubutun batsa, ya aika masa wasiƙar zargi da rashin ladabi ga addini.

Lokacin ya zo daidai da rikicin Furotesta, waɗanda ke zargin cocin Roma da bautar hotuna da lalacewa. Majalisar Trent, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, ta yanke a zamanta na ƙarshe cewa a guji duk wani abin da ke tayar da sha'awa a hotunan ibada, ta kuma ɗora wa bishop-bishop alhakin sa ido. A Janairun 1564 aka ba da umarnin rufe al'aurar da ke hoton Ranar Hukunci. Michelangelo ya rasu a ranar 18 ga Fabrairu na wannan shekara. Abin takaicin shi ne almajirinsa kuma amininsa, Daniele da Volterra, aka ba aikin a 1565. Ya zana ƙyallaye a kan jikkuna da dama, ya fasa shafen bangon ya sake zana Waliyyi Blaise gaba ɗaya da mafi yawan surar Waliyyiya Catherine, ya kuma sami laƙabin da ya bi shi har abada, Braghettone, wato mai ɗinka wanduna. An ci gaba da ƙara ƙyallaye a ƙarnonin baya. A gyaran da aka yi daga 1990 zuwa 1994 an goge da yawa daga cikin na baya, aka bar na ƙarni na 16 a matsayin wani ɓangare na tarihin hoton. Kwafin da Marcello Venusti ya yi a 1549, wanda ke birnin Naples, shi ke nuna yadda yake tun asali.

Daga nan ganyen ɓaure na dutse, tagulla ko filasta ya bazu a kan sassaƙe-sassaƙen Roma. An sa wa Yesun da Michelangelo ya sassaƙa a cocin Santa Maria sopra Minerva banten tagulla. An zana ganyaye a jikin Adamu da Hauwa'un Masaccio a ƙarshen ƙarni na 17, ba a cire su ba sai a shekarun 1980. Wasu masu fasahar ma da kansu suka tuba: Bartolomeo Ammannati, wanda ya yi ƙaton Neptune na maɓuɓɓugar dandalin Fulorens, ya rubuta wa 'yan uwansa masu sana'a wasiƙa a 1582 yana nadamar surorin tsiraicin da ya yi, yana gargaɗin matasa kada su bi sawunsa.

Makarantun zane

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, sai ma ta sami gida na dindindin. An kafa makarantar zane ta Fulorens a 1563, shekarar da Majalisar Trent ta rufe. 'Yan gidan Carracci suka buɗe tasu a Bologna a shekarun 1580, suka mai da hankali kan zana mutum mai rai. Makarantar sarauta ta Faris ta biyo baya a 1648, ta Landan a 1768. Tsarin karatun kusan ɗaya ne: ɗalibi zai fara kwafar zanen wasu, ya wuce zuwa kwafin sassaƙar da na filasta, sai ya ci wannan mataki a bar shi ya zauna gaban mutum mai rai. A Faris maza kaɗai ake ɗauka su tsaya, kan albashi, kuma mutum kan riƙe tsayuwa ɗaya na kwanaki, wani lokaci da igiya da ke tallafe masa hannu. Abin ya kai har kalmar akademi a Faransanci ta zama sunan zanen namiji tsirara.

Wannan tsari ya rufe wa mata ƙofa. Ba a yarda su shiga ajin ba, kuma wanda bai koyi jiki ba ba zai iya manyan hotunan tarihi ba, waɗanda su ke kawo suna da kuɗi. Hoton da Johan Zoffany ya yi wa mambobin makarantar Landan a 1771 zuwa 1772 ya nuna hakan ƙarara: mazan sun kewaye masu tsayuwa biyu, mata biyun da ke cikin waɗanda suka kafa makarantar, Angelica Kauffman da Mary Moser, sai hotunansu kawai aka rataye a bango.

Ƙarni na 17 da na 18

A ƙarni na 17 jikin ya ƙara motsi da nama. Dawudan da Gian Lorenzo Bernini ya sassaƙa a 1623 zuwa 1624 yana tsakiyar wurga dutse, ya cije leɓe. Peter Paul Rubens ya cika hoton ɗaga gicciye na Antwerp da ƙarti masu nishi. Caravaggio da Jusepe de Ribera suka kawo jikin talaka da na tsoho, fata a saki, ƙafa da datti. Diego Velázquez ya zana Mars, ubangijin yaƙi, a zaune a gajiye bakin gado da kwalkwali a ka, kamar tsohon soja da aka sallama.

A farkon ƙarni na 18 ɗanɗanon masu kuɗin Faransa ya karkata ga surar mata. Johann Joachim Winckelmann, Bajamushe mai nazarin kayan tarihi, ya dawo da martabar jikin namiji na Girkawa da littattafansa na 1755 da 1764. Jacques-Louis David ya bi wannan hanya, kuma da ya nuna hotonsa na matan Sabine a 1799 sai da ya buga takarda yana kare dalilin da ya sa mayaƙansa ke yaƙi ba tufafi. Wannan ne tashe na ƙarshe. A ƙarni na 19 surar mace ta karɓe fagen baje kolin zane, ta namiji ta koma aikin aji.

Antonio Canova ya sassaƙa Napoleon tsirara a siffar Mars mai kawo sulhu, tsayinsa fiye da mita 3, ya gama a 1806. Da aikin ya iso Faris a 1811, Napoleon ya duba ya hana a nuna shi ga jama'a. Bayan faɗuwarsa gwamnatin Birtaniya ta saye shi a 1816 ta ba Duke na Wellington, wanda ya ci shi da yaƙi a Waterloo, kuma har yau yana tsaye a gindin matakalar gidansa na Apsley a Landan.